Burtalin da ke cikin wayarka

A shirinmu na kimiyya na wannan mako mun ɗauko tambayar da kuke yawan yi mana: yaya aka yi wayar salula, wadda a da sai alhazan birni ke riƙewa, yau ɗan kiwo ke sayar da akuya ya saye ta? Dalilai suna da yawa. Mun zaɓi guda wanda ido ba ya gani, ga taƙaitaccen bayaninsa.

In mai gyara ya buɗe waya, za ka ga wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai wuce farcen babban yatsa ba. Shi ne ƙwaƙwalwar waya, ana kuma ce masa cif. Daga waje abu ɗaya ne, amma cikinsa gari ne guda. Akwai unguwar lissafi, akwai ta hoto da bidiyo, akwai mai kula da kyamara, akwai mai magana da eriyar kamfanin waya, ga kuma mai tsaron ƙofar rumbun ajiya.

To, kamfanin da ya haɗa cif ba shi ke zana duk waɗannan unguwanni ba, sayen zanen wasu yake yi. Akwai kamfanin ARM da aka kafa a Ingila a 1990. Ba shi da masana'anta, zane yake yi ya ba da haya, ya riƙa karɓar kasonsa a kan kowane cif da aka ƙera. Kamfanoni irin su MediaTek na Taiwan da Unisoc na ƙasar Sin, waɗanda cif ɗinsu ke cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da dama, sai su karɓi zanen ARM, su haɗa da nasu, su kai wa masana'anta irin TSMC ta Taiwan ta ƙera. Makiyaya kun san wannan dabara: bijimi ɗaya mai kyau ya isa ya gyara garke da yawa. Zane ɗaya ne ake ta maimaitawa cikin miliyoyin wayoyi, kuɗin da aka kashe wajen yinsa ya rabu, kowa ya biya ɗan kaɗan.

Sai dai akwai matsala. Unguwannin nan daga gidaje daban-daban suka fito, kuma dole su riƙa miƙa wa juna saƙo ba dare ba rana. A ce an zo cin kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya, kowane mai hatsi da tiyarsa daban, kowa da yarensa, babu dillali. Ai rana za ta faɗi ba a auna buhu ɗaya ba. Shi ya sa a 1996 ARM ya fitar da wata ƙa'ida mai suna AMBA, ya bar ta a fili kowa ya yi aiki da ita ba tare da biyan kuɗi ba. Ita ce ta shata burtalin da saƙo zai bi a cikin cif. An sabunta ta a 1999, sannan a 2003 aka ƙara mata sashen da ake kira AXI, wanda har yau ake aiki da shi sosai.

Ga yadda AXI ke tafiya. Hanyoyi biyar gare ta. Biyu na ɗauko bayani ne: ɗaya ta faɗi inda abin yake, ɗaya ta kawo shi. Uku na ajiyewa ne: ta faɗin wuri, ta kai kayan, da ta maido amsar cewa sun isa. A kowace hanya kuma akwai alama biyu. Mai aikawa ya ɗaga tasa ya ce kaya sun kammala, mai karɓa ya ɗaga tasa ya ce a shirye yake. Saƙo ba ya wucewa sai alamun biyu sun haɗu, kamar dai cinikin sa, wanda ba ya faɗawa sai mai saye ya taya, mai shi ya sallama. Ƙananan sassa marasa gaggawa kuwa, an ware musu wata ƴar hanya mai suna APB, don kada jaki ya tare wa tirela kwalta.

Da yake kowa ya san ƙa'idar, duk wanda ya zana sashe ya san zai zauna a cif ɗin wani ba sai an sake shi daga tushe ba. A 2022 ma manyan kamfanoni irin su Intel da AMD da Samsung da TSMC sun sake haɗa kai kan wata ƙa'ida mai suna UCIe, don ƙananan cif da aka ƙera a wurare daban-daban su iya zama cikin kwali ɗaya su yi aiki tare.

Mene ne ribar sanin wannan gare ku? Na farko, ɗan kasuwa mai sarin waya, kada sunan da ke bayanta ya ruɗe ka. Wayoyi biyu masu suna daban, da farashi daban, suna iya ɗauke da cif iri ɗaya, don haka ka duba kwali ko ka tambayi sunan cif ɗin kafin ka biya. Na biyu, tunda garin nan duka a dunƙule yake, in unguwa ɗaya ta mutu ba a cire ta ita kaɗai, sai dai a canja cif ɗin ko allon wayar gaba ɗaya. Makiyayi, ka kiyaye wayarka daga ruwa da zafin rana da cajar banza. Na uku, masana'antun da ke ƙera cif na zamani ba su da yawa. A 2021 ƙarancinsa ya sa har kamfanonin motoci sun tsayar da aiki, kuma irin wannan in ta faru, ƙarshenta sai an ji ta a farashin kasuwar kan iyaka.

Masu tambaya, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kiyaye dukiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.