Daga madobiya zuwa gawayi: Rayuwar masu injin sare itace a dazukan Taraba

Wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali tsakanin shekarar 2015 da 2017 ba zai manta da Garba Chede ba. Gumaguman itace jibge a bakin titi, tireloli na jiran lodi, matasa da kafaɗu duk kanta suna ta ɗagawa. Itacen da ya tara wannan jama'a shi ne madobiya, wadda a yankin aka fi sani da sunan Madrid, ƴan kasuwar waje kuma ke kira koso.

Yau cinikin ya ja baya, an kuma haramta fitar da itacen zuwa ƙetare. Sai dai injinan da aka sayo domin aikin ba su koma shago ba. Suna nan a hannun mutane, kuma kowace safiya sai an samo musu abin da za su sare.

Yadda kasuwar ta iso

Masu kuɗi a ƙasar Sin na son kujeru da gadaje na jan itace mai nauyi, irin na gidajen sarakunansu na da. Da irin wannan itace ya yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya, sai dillalai suka juyo Afirka ta Yamma. Sun bi ta Gambiya da Senegal da Gini Bisau da Ghana da Binin, kafin su yada zango a Najeriya, inda saran ya yi ta matsawa daga jihohi irin su Kogi har ya kai Taraba da Adamawa.

A watan Janairun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ce ba a fitar da su sai da takardar izini. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoton da ya ce an shigar da gumagumai sama da miliyan 1.4 daga Najeriya zuwa Sin ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300. A 2018 aka dakatar da Najeriya daga cinikin, a 2022 kuma dakatarwar ta shafi sauran ƙasashen yankin.

Wa ke cin riba, wa ke shan wahala?

Aikin katako hawa-hawa ne. A sama akwai mai saye, wanda galibi ba ya taka daji. Ƙarƙashinsa akwai ɗan kwangila, wanda ke karɓar kuɗi ya yi alƙawarin cika mota. Shi ke neman izini a ofishin gandun daji na jiha, domin a Najeriya jihohi ne ke da iko da dazukansu, gwamnatin tarayya kuma na kula da manyan gandayen ƙasa irin su Gashaka-Gumti da kuma batun fitar da kaya waje. Shi ne kuma ke gaisawa da mai gari da masu gonaki.

Daga nan sai mai injin, da afareta, wato wanda ke riƙe injin ya yi saran. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Afareta na tafe da yaronsa mai ɗaukar jarkar mai da share gindin itace, sai ƴan dako masu fito da gungume zuwa inda tarakta ko tsohuwar babbar mota za ta iya shiga, sai ƴan lodi a bakin titi.

Abin da ke ɗaure afareta shi ne yadda ake biyansa. Ba a biyan yini, ana biyan gungume ne. Idan ya kayar da itace aka tarar cikinsa rami ne, ko ya tsage wajen faɗuwa, asararsa ce. Man da aka ba shi da abincin da ya ci a daji ana cirewa daga kuɗinsa. Idan jami'ai suka kama mota a shinge, ɗan kwangila kan ce a yi haƙuri sai kaya sun fita, kuma babu wata takarda da aka sa wa hannu da za a kai gaban alƙali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Injin da ya sauya lissafi

Kafin injin, gatari ne. Mutum biyu kan yini a kan babban itace mai tauri, hakan ma ya zama wani irin birki ga sara. Injin kuwa cikin mintuna yake gamawa.

Wanda ya fi suna a dazukan Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, ƙirar Jamus. Tsohon samfuri ne, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa farantin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ba, kuma farantin kan kai tsawon santimita 90. Masu aikin na son sa ne saboda ƙarfinsa da sauƙin gyara: makanikin babur na ƙauye zai iya kwance shi ya mayar. Kasuwa kuma cike take da kwaikwayonsa ƙirar Sin, masu arha, waɗanda kayan gyaransu ke shiga na asalin.

Fetur yake sha gauraye da man inji, kamar tsofaffin babura masu hayaƙi. Sarƙar ma tana buƙatar nata man na daban, amma saboda tsada yawanci baƙin man da aka juye daga mota ake zuba mata. Kowane ɗan lokaci sai afareta ya tsaya ya wasa haƙoran sarƙar da magagari. Sarƙa mai dakushi na cin mai, tana gajiyar da hannu, kuma ita ce ta fi saurin jawo tsautsayi.

Haɗarin da aka fi tsoro shi ne injin ya yi tutsu. Idan bakin farantin ya taɓo reshe ko dutse, sai ya yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi ta fuska ko kafaɗa, cikin ƙiftawar ido. Injinan zamani na da birkin da ke tsayar da sarƙa nan take idan haka ta faru, amma tsofaffin samfura da yawancin na kwaikwayo ba su da shi. A Turai ba a barin ma'aikaci ya tayar da injin sai da hular kwano, da abin toshe kunne, da wando na musamman mai zaren da ke cushe sarƙa ta tsaya. A dajin Bali ko Gashaka, silifas ne da tsohuwar riga.

Akwai kuma illar da ba ta zubar da jini. Ƙarar injin ta wuce ma'aunin desibel 100, alhali masana lafiyar ma'aikata na gargaɗi tun daga 85, shi ya sa tsofaffin afaretoci da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Ga kububuwa a ƙarƙashin busasshen ganye, ga nisan asibiti. Wanda ya ji rauni, ɗan kwangila kan taimaka da kuɗin magani idan mai tausayi ne. Idan ba haka ba, sai dangi.

Rassan da aka bari a baya

Mai sayen madobiya gangar jikin kawai yake so, miƙaƙƙiya, a fafe ta kusurwa huɗu, a yanka ta yadda za ta zauna a kwantena. Rassa da kan itacen da ɓawon da aka fafe duk a daji ake barin su. Nan ne sana'a ta biyu ta samo asali: masu itacen girki da masu gawayi suna bin sawun masu katako, suna amfani da hanyoyin da tarakta ta buɗe.

Da ragowar ta ƙare, sai aka koma kan tsayayyun itatuwa. Kirya ce kan gaba, don gawayinta na daɗewa yana ci, tun can ma ita maƙera ke nema. Sai marke, wanda masu gidan burodi da masu tuwon sayarwa ke so. Yanzu har kaɗanya da ɗorawa, waɗanda a al'ada manomi ba ya sarewa ko yana sharar gona, suna shiga ramin gawayi. Ramin gargajiya kuwa ɓarna gare shi: sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya matse masu injin ta fuska biyu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, don haka kowane tayar da inji sai an yi lissafi. A ɗaya ɓangaren, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa a birane kan murhun gawayi. Ga afaretan da cinikin katako ya tsaya masa, motar itace ko buhunan gawayi kuɗi ne na hannu da hannu, babu jiran wani mai saye a Legas.

Jihohi da dama sun sha sanar da haramta sare itace da ƙona gawayi, kuma akan kama motoci. Amma wanda ake kamawa yawanci direba ne ko yaron da aka tarar da injin a kafaɗa. Kuma dokar da ta hana gawayi ba ta faɗa wa uwar gida a Jalingo ko Kano da me za ta dafa tuwon dare ba.

Asarar ba ta tsaya kan masu sara ba. Madobiya na daga cikin itatuwan da makiyaya ke sassabo wa shanu ganyensu a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙone. Inda ta ɓace, garke kan matsa kusa da fadamu da gonakin rani, kuma kowa ya san abin da hakan ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi. Mata masu man kaɗe da daddawa su ma tafiyarsu ta ƙara nisa.

Madobiya itace ne mai tohowa. Idan aka sare ta aka bar kututturen, yakan fitar da sabbin rassa da damina, muddin gobarar daji da awaki suka ƙyale shi na ƴan shekaru. Sai dai kafin ta yi kaurin da za a kira ta katako, ana maganar gomman shekaru ne. Kututturen kuma, da yake busasshe ne mai tauri, shi ne abin da mai gawayi ke fara dubawa idan ya shiga fegin da aka gama sara.