Igiyoyin Wayar Salula da Lafiyar Jiki: Yadda Ake Auna Hatsarin, da Wuyar Faɗarsa da Hausa

A cikin watan Mayu na shekarar 2011, masana 31 daga ƙasashe 14 suka taru a birnin Liyon na ƙasar Faransa, a hedkwatar Hukumar Binciken Ciwon Daji, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya tara su shi ne su duba ko igiyoyin da wayar salula da sauran na'urori marasa waya ke fitarwa suna kawo ciwon daji. Da suka gama, suka sa igiyoyin nan cikin wani rukuni da suke kira 2B. Labarin ya bazu duniya, ya iso mana a taƙaice, har ya zama a bakin mutane ana cewa likitocin duniya sun tabbatar waya na kawo kansa. Ba haka suka ce ba. Ba su kuma ce ba ta kawowa ba. Abin da suka faɗa yana tsakanin biyun nan, kuma malamin da ɗalibansa za su tambaye shi lalle ne ya san hanyar da aka bi aka kai ga wannan hukunci, da abin da aka gano bayansa, sa'an nan ya sami kalmomin Hausa da za su ɗauki maganar ba ƙari ba ragi.

Mu fara da igiyoyin kansu. Rediyo, da wayar salula, da hasken rana, da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, duk dangi ɗaya ne, watau igiyoyin lantarki da maganaɗisu. Gudunsu ɗaya, kimanin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Abin da ya bambanta su shi ne yawan kaɗawarsu. Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya fara nuna igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji a 1887, don haka ake kiran ma'aunin kaɗawar da sunansa. Wayar da ta shigo Nijeriya a 2001 igiyoyinta na kaɗawa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a daƙiƙa. Sabon tsarin nan na 5G, wanda aka yi gwanjon zangonsa a nan cikin Disamba 2021, yana aiki a kan miliyan 3,500. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma hasken da idonmu ke gani ya ninka na 5G fiye da sau 100,000.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, ƙarfin igiya ba a dunƙule yake zuwa ba, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ƙarfin kowace ƙwaya yana bin yawan kaɗawa ne. Ƙwayar hasken hoton ƙashi kamar harsashi take: guda ɗaya tana iya tsinka sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, daga nan kuwa ciwon daji kan samo asali. Ƙwayar igiyar rediyo kamar tsabar gero take. In ka watsa mudu dubu na gero jikin garu ba za ka huda shi ba, domin kowace tsaba ita kaɗai take bugawa, kuma ba ta da ƙarfin hudawa. Abin da aka tabbatar igiyoyin rediyo na yi wa nama shi ne ɗumama shi, kamar yadda tukunyar ɗumama abinci ta lantarki ke yi.

A kan ɗumin nan aka gina iyakokin da ƙasashe ke bi. An lura in jiki duka yana shan wat 4 a kowane kilo na nauyinsa har rabin awa, zafinsa kan ƙaru da kimanin digiri ɗaya. Wata hukumar masana mai zama a Jamus, wadda ta fitar da ƙa'idojinta a 1998 ta kuma sabunta su a 2020, ta raba adadin nan gida 10 domin ma'aikata, gida 50 domin sauran jama'a. Ga wayar da ake karawa a kunne kuwa, iyakar ita ce wat 2 a kilo. Amurka tana da tata, wat 1.6, da hanyar awo dabam kaɗan. Wannan ɓangare babu gardama mai yawa cikinsa. Gardamar tana kan wata tambaya ce dabam: ko akwai wata illa da ba ta ɗumi ba, wadda ke tafiya a hankali, sai bayan shekaru ta bayyana?

Irin wannan tambaya ba a amsa ta da lissafi kaɗai, sai an duba mutane. Ma'aunin da ake kwatanta kowane bincike da shi shi ne na taba sigari. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna a Ingila cewa masu ciwon dajin huhu kusan dukkansu mashaya taba ne. Da aka ci gaba da bincike aka ga hatsarin mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha fiye da sau 10, aka ga wanda ya fi sha ya fi kamuwa, wanda ya bari hatsarinsa ya ragu, aka kuma sami abu ɗaya a kowace ƙasa aka duba. Haka shaida mai ƙarfi take kama. To, bari mu ga ta waya.

Babban binciken da ke gaban masanan Liyon shi ne wanda aka kira Interphone, da aka yi a ƙasashe 13, aka buga sakamakonsa a 2010. Hanyarsa ita ce a sami mutanen da suka riga sun kamu da ƙari a ƙwaƙwalwa, a sami kuma tsararrakinsu masu lafiya, a tambayi kowa yawan wayar da ya yi a shekarun baya. Sakamakon ya fito da abu biyu masu karo da juna. Masu amfani da waya a kai a kai, in aka haɗa su duka, sai aka ga kamar hatsarinsu bai kai na waɗanda ba su amfani da ita ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma kashi ɗaya cikin goma da suka fi kowa yawan magana, watau awa 1,640 ko fiye, nasu ya ɗara da kashi 40 cikin 100. Ba wanda ya yarda waya magani ce. Ragin nan alama ce ta aibi a wajen zaɓen mutane, gama masu lafiya da ba su da waya sun fi ƙin amsa tambayoyin. In kuwa aibi ya shiga ta wannan gefe, yana iya shiga ta wancan. Mutumin da aka ce masa yana da ƙari a kai, ya kwana yana neman dalili, in aka tambaye shi awa nawa yake waya shekara goma da suka wuce, ba abin mamaki ba ne ya ƙara. Waɗansu ma sun ce suna yin fiye da awa 12 kullum. Mai karatu ya gwada da kansa: minti nawa ya yi yana waya ran Talatar makon jiya?

Don a kauce wa wannan tarko sai a juya hanyar, a rubuta yawan wayar mutane tun suna lafiya, sa'an nan a bi su shekara da shekaru a ga wa zai kamu. A Denmak an bi masu layin waya fiye da 350,000, ba a ga ƙari ya fi yawa cikinsu ba, ko da yake mallakar layi ba shi ne yawan magana ba, kuma an soki binciken a kan haka. A Ingila an bi mata kimanin 776,000 har shekara 14, aka buga a 2022, ba a ga bambanci ba. A 2024 wani bincike mai suna COSMOS, mai mutane fiye da 250,000, wanda ya gwada maganar mutane da rajistar kamfanonin waya, ya fito da irin wannan sakamako. A cikin shekarar dai aka buga wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, bai sami alaƙa tsakanin waya da ƙarin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara 10 ko fiye suna amfani da ita. Akwai kuma shaidar da a ganina ta fi duka sauƙin fahimta. A ƙasashen arewacin Turai, inda ake rubuta kowane mai ciwon daji a rajista, waya ta tashi daga hannun 'yan kaɗan ta shiga aljihun kowa cikin shekara 30, amma yawan masu ƙarin ƙwaƙwalwa bai yi tashin da za a sa rai ba in da waya na kawo shi.

Gefen dabbobi ne ya hana a rufe littafin. A 2018 wata hukumar gwamnatin Amurka ta ba da sakamakon gwajin da ta yi, inda aka sa ɓeraye cikin igiyoyin awa 9 kullum har shekara biyu, jikinsu duka, da ƙarfin da ya kai wat 6 a kilo ga manyan ɓeraye, nesa da abin da mutum ke samu. Mazan manyan ɓeraye suka sami wani irin ƙari a jijiyoyin zuciya fiye da 'yan'uwansu da ba a sa ba. Ba a sami wannan shaida sarai ga matan ba, ko ga ƙananan ɓeraye. Wani abin ɗaure kai kuma, mazan da aka sa cikin igiyoyin sun fi waɗanda ba a sa ba tsawon rai. Wata cibiya a Italiya ta ba da labarin irin ƙarin nan a shekarar. Ba daidai ba ne a yi watsi da wannan, ba kuma daidai ba ne a ɗauke shi kai tsaye a ɗora wa ɗan Adam. Saboda irinsa ne masu ba hukumar Liyon shawara suka ce, a 2019 da kuma 2024, a sake duba igiyoyin rediyo cikin abubuwan da za a fara da su.

Yanzu mu koma ga 2B. Rukunan hukumar nan ba girman hatsari suke aunawa ba, ƙarfin shaida suke aunawa. Rukuni na 1 shi ne na abin da shaida ta cika a kansa. Cikinsa akwai taba, da hasken rana, da gubar funfunar da ke kama gyaɗa in an adana ta da danshi, wadda aka gano bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960. Cikinsa kuma akwai naman da aka sarrafa don ajiya, tun 2015, alhali ba mai cewa hatsarinsa ya kama ƙafar na taba. Rukunin 2B kuwa na abin da aka ga wata 'yar alama ne, amma ba a iya kawar da cewa kuskure ko katari ne ya kawo ta ba. Gahawa ta zauna cikinsa daga 1991 har 2016, da shaida ta ƙaru aka fitar da ita.

Ga inda Hausa ke ba mu aiki. In muka ce "waya na iya kawo ciwon daji", mun ba ta iko, gama "iya" a Hausa ƙwarewa ce da iko, kamar a ce wane ya iya sassaƙa. In muka ce "wataƙila", mai sauraro kan ji kamar rabi da rabi ne. "Mai yiwuwa" ya fi kusa, sai dai a bakin mai ladabi sau da yawa "mai yiwuwa ne" hanya ce ta cewa i ba tare da an ɗaure kai ba. Ni dai na fi son a aro harshen shari'a, wanda kowane Bahaushe ya san shi: akwai wanda ake tuhuma, akwai wanda shaidu suka tabbata a kansa. Taba an yanke mata hukunci. Igiyoyin waya ana tuhumarsu ne tun 2011, kuma yawancin shaidun da suka zo daga baya, na wajen mutane, ba su goyi bayan tuhumar ba. Wata matsalar ita ce, in mun kira abin da waya ke fitarwa "tururi", kamar yadda ake ji a kafofin labarai, mun haɗa shi da tururin makamin nukiliya cikin kalma ɗaya, mun rushe bambancin gero da harsashi tun ba mu fara bayani ba. Shi ya sa na riƙe "igiya" a nan.

Saura ƙarfen sabis, wanda shi ya fi tayar wa unguwa hankali. Ƙarfin igiya yana raguwa da sauri in an yi nisa: a ninka nisa biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Eriyar kuma tana bisa, tana harba igiyarta gaba ne wajen nesa, ba ƙasa gindinta ba. Don haka abin da kan mutum ke samu daga wayar da ke manne da kunnensa ya fi abin da yake samu daga ƙarfen da ke bayan gidansa. Waya kuwa takan ƙara ƙarfinta in sabis ya yi rauni, ta rage in ƙarfen na kusa, watau mutumin ƙauye mai hawa tudu neman sabis shi wayarsa ta fi yi wa aiki a kunne. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya yi magana da abin sawa a kunne ko ya buɗe lasifika, tazarar taƙi ɗaya ta rage abin ƙwarai. A 2020, lokacin annobar korona, an ƙone ƙarafan sabis a Ingila bisa jita-jitar 5G ke yaɗa cutar, jita-jitar ta iso nan tun ba a ba kowa lasisin 5G ba. A gindin yawancin ƙarafan namu kuwa akwai janareta mai shan dizal, hayaƙin dizal kuma hukumar Liyon ɗin nan ta sa shi cikin rukuni na 1 tun 2012.