Kamfen a talabijin ko a waya: wanne ke isa ƙauyukan Dambatta da Kunchi?

A zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris, 2023, inda Abba Kabir Yusuf na NNPP ya kara da Nasiru Yusuf Gawuna na APC, an tallata 'yan takara a gidajen talabijin irin su ARTV da NTA Kano, an kuma tallata su a waya. A ƙauyukan Dambatta da Makoda da Kunchi, tallan waya ya fi saurin shiga lungu.

Talabijin sai da wutar lantarki, ita kuwa wuta ba kullum ake ganinta ba. Waya kuma ana cajinta a shago da janareta ko sola. Mutum ɗaya zai sayi data ya sauke waƙar ɗan takara, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth ba tare da kashe ko kwabo ba. Dattawa dai har gobe rediyo ce tasu, inda sojojin baka ke baje kolinsu.

Babban bambancin yana wajen sa ido. Hukumar NBC ce ke kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana su sa tallan ɗan takara idan saura awa 24 a kaɗa ƙuri'a. A Facebook, tallan siyasa da aka biya yana ɗauke da sunan wanda ya biya, kuma ana ajiye shi shekara bakwai a rumbun Ad Library, wanda kowa zai iya dubawa kyauta. TikTok ya haramta tallan siyasa na kuɗi tun 2019.

Sai dai yawancin abin da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp ba ya bin wannan hanyar. Sautin murya ko guntun bidiyo da aka yanke zai iya ratsa gari guda kafin la'asar, babu wanda ya san tushensa, domin saƙonnin WhatsApp a rufe suke, kamfanin kansa ba ya karanta su.

Ga matashin da ke shirin zaɓen 2027, akwai alamar da ya kamata ya riƙe: kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannaye da yawa. Kafin ya tura wa guruf na dangi, ya nemi cikakken bidiyon a shafin ɗan takarar, ya kuma duba ranar da aka ɗora shi.