Likitan da ya gano alaƙar sikila da cizon sauro

Duk uwar da ta taɓa kwana a asibiti tana riƙe da yaro mai ciwon sikila yana kukan ƙasusuwansa, ta san tambayar da ke zuwa zuciya: me ya sa wannan cuta ta yi yawa a wajenmu, alhali a wasu ƙasashe da wuya a ji labarinta? Wanda ya fara ba da amsa mai hujja shi ne Anthony Allison, likita kuma masanin gadon halitta, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1925, ya girma a Kenya.

A 1949, yana ɗalibi a Jami'ar Oxford ta Ingila, Allison ya koma Kenya yana ɗibar jinin mutane don gwaji. Sai ya ga cewa a bakin teku da kewayen Tafkin Victoria, fiye da mutum 20 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. A kan tsaunuka masu sanyi kuwa, ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Abin ya ɗaure masa kai. A wancan zamani yawancin yaran da aka haifa da cutar ba sa kaiwa girma, don haka da an yi zaton ƙwayar za ta riƙa raguwa har ta ɓace. To me ya riƙe ta?

Ya lura cewa inda ƙwayar ta yi yawa, nan ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa. A 1953 ya sake komawa Gabashin Afirka, ya gwada jinin yara a Yuganda da na dubban mutane a yankin, ya wallafa sakamakon a 1954. Yaran da suka gaji ƙwaya ɗaya kawai, waɗanda yau muke kira AS, sun fi samun kariya daga zazzaɓin. Su ne suka fi tsira, su girma, su haihu, su gadar da ita ga 'ya'yansu. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da haka: AS na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Mai AS lafiyarsa ƙalau, shi ya sa da yawa ba su san suna ɗauke da ita ba. Idan miji AS ne mata ma AS, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka ana iya haifar SS uku a jere, ana kuma iya haifar biyar babu ko ɗaya.

'Yar'uwa, idan an taɓa ce miki daga danginku ciwon ya fito, ki sani yaro ba ya zama SS sai ya gaji ƙwaya daga uba, ya gaji wata daga uwa. Ba maita ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Wannan ne dalilin gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Gara a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da rabuwa ba ta yi ɗaci ba.

Kada kuma a ɗauka mai AS ya fi ƙarfin sauro. Yana kamuwa da zazzaɓi, yana buƙatar gidan sauro da magani. Mai SS kuwa, zazzaɓin na iya kayar da shi nan take. Idan kina da shi a gida, ki kwantar da shi cikin gidan sauro, ki yawaita ba shi ruwa, ki kiyaye rigakafinsa da magungunan da likita ya rubuta, ki garzaya asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi.

Allison ya rasu a 2014. Idan ba ki san rukunin jinin yaranki ba, ki tambayi gwajin a asibiti mafi kusa.