Hoton Asibiti Ya Wuce Neman Karaya: Abin Da Ya Nuna Game Da Ɗaukar Kaya

 Ga abin da muka tattauna a wannan makon, saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya.

A ƙasar Amurka akwai wani taro da ake kira SB3C, ana yin sa kusan kowace shekara, galibi cikin watan Yuni. Injiniyoyi ne da likitoci da ɗaliban jami'a ke haɗuwa, suna nazarin jikin mutum kamar yadda ake nazarin gada ko babbar mota: nauyi nawa ƙashi zai iya ɗauka, a ina gaɓa ke cinyewa, me ke sa ta lalace. Wani ɓangare na aikin da hoton asibiti suke yin sa. Za ka ce, to ni ina ruwana? Da ruwanka kuwa, tunda da ƙafa da baya kake neman abinci.

Hoton nan iri-iri ne. Na farko shi ne hoton ƙashi, wanda a Najeriya ake ce wa eksire, a Nijar kuma radiyo. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano shi a 1895. Yana nuna ƙashi sarai, amma ba ya nuna nama sosai. Na biyu shi ne siti sikan, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira sikanar. An fara gwada shi kan majinyaci a Landan a 1971. Shi yana nuna jiki yanki-yanki, kamar an yanka burodi ana duba kowane sashe. Na uku shi ne MRI, ko IRM, mai aiki da maganaɗisu. Shi ne ke nuna guringuntsi da laka da jijiyoyi, da faifan nan mai taushi da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Sai na huɗu, sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, mai aiki da sauti, wanda ake duba tsoka da shi ma.

Da can amfanin hoto da aka fi sani shi ne a ga ko abu ya karye. Yanzu masanan nan sukan ɗauki hoton su sa a kwamfuta, ta gina siffar ƙashin mutum, ta rarraba shi ƙanana-ƙanana dubbai. Sai su ɗora masa nauyi a cikin kwamfutar, su ga inda zai fara tsagewa, ba tare da an taɓa mai ƙashin ba. Da irin wannan ake tsara ƙarfen da ake ɗaure karaya da shi, da gwiwa ko ƙugun roba da ake sa wa wanda nasa ya cinye.

Don a tabbatar lissafin kwamfuta bai yi ƙarya ba, ana kwatanta shi da awon da aka yi a jikin mutum. A 1999 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke, sun sa ɗan ma'auni a cikin faifan ƙashin bayan wani mutum. Da ya sunkuya, baya a lanƙwashe, ya ɗaga kilo 20, matsin da ke kan faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya riƙe wannan kayan manne da jikinsa, matsin ya ragu zuwa kamar ninki biyu. Kaya ɗaya ne fa, yadda aka ɗauka ne ya bambanta. To kai ɗan dako, da kai mai sauke buhun masara daga mota, lissafa da buhu mai kilo 50 ko 100. Ka durƙusa da gwiwa, ka jawo buhun kusa da ciki, kar ka murɗa ƙugu kaya na hannunka, in ya yi nauyi ka kira ɗan'uwa ya kama maka.

Gwiwa ma haka. Awon da aka yi ya nuna a tafiya kawai, kowane taku yana ɗora mata nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Amma kar wannan ya tsorata makiyayi. Tun 1892 wani likita, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi daidai da aikin da yake yi. Tafiya ba ta gaba da ƙashi. Abin da ke cutarwa shi ne kayan da ya wuce kima, da rauni da ba a bari ya warke ba.

Ke kuma mai ƙwaryar nono, a 1986 wani bincike a Kenya ya nuna matan Luo da Kikuyu suna ɗaukar kaya a ka har kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin wahala da ma'auni zai gani ba. Wannan magana ce ta ƙarfin da ake kashewa, ba ta ce wuya ba ya jin jiki ba. Gammo ya zauna daidai, kuma kar a ɗora wa yarinya kayan babba.

Akwai kuma darasin da zai rage maka kashe kuɗi. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya hoton MRI a Amurka, sai aka ga fiye da rabinsu faifansu ya ɗan bulluƙo. Ashe ba duk abin da hoto ya nuna ne ciwo ba, kuma ba kowane ciwon baya ke buƙatar hoto ba. Yawancinsa kan lafa cikin 'yan makonni. Kar ka sayar da sa don hoton da likita bai nema ba.

Amma akwai inda ba a jira. In ƙafa ta mutu ko ƙarfinta na raguwa, in fitsari ko bayan gida ya kuɓuce ko ya riƙe, in ciwon baya ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, a garzaya asibiti. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya. Haka ma cutar da ke sa shanu ɓari, wadda ake ɗauka ta ɗanyen nono ko wajen taimakon haihuwar dabba. Ka gaya wa likita cewa kai makiyayi ne, zai taimaka masa.

In aka faɗi da mashin ko sa ya tunkuyi mutum, a yi hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori. Karayar da ta shiga gaɓa ko ta fasa fata ta asibiti ce. In an ɗaure kuma yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, a kwance nan take a tafi asibiti, don ɗauri mai tsanani na kai ga yanke hannu.

Kafin a ɗauke ki hoton ƙashi ko siti sikan, in kina da ciki ki faɗa. Kafin MRI kuma, duk mai ƙarfe ko harsashi a jiki ya faɗa, a cire zobe da laya mai ƙarfe. Hotonka kuma ka adana shi a leda da takardar sakamakon, ka riƙa tafiya da shi. Likitan Maraɗi zai karanta hoton da aka ɗauka a Katsina, ba sai ka sake biya ba.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa.