Idan Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Mutu Cikin Tafiya

Tun daga 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano, jama'a da yawa suna zaton cewa da zarar injin jirgi ya mutu, sai jirgin ya faɗo kamar dutse. Ba haka abin yake ba. Fukafukai ne ke riƙe jirgi a sama, aikin inji da farfela shi ne su ja shi gaba. In inji ya tsaya, jirgin yakan yi ta shawagi yana sauka sannu a hankali, kamar yadda shirwa ke yi ba tare da ta kaɗa fiffike ba.

A ɗauki misalin Cessna 172, watau ƙaramin jirgin nan mai kujeru huɗu da inji ɗaya, wanda aka fara sayarwa a 1956. Duk ƙafa ɗaya da ya sauko, yana cin kusan ƙafa 9 a gaba. Saboda haka in yana bisa ƙafa 5,000, zai iya kai wajen kilomita 13 kafin ya taɓa ƙasa, matuƙi kuwa yana da kamar minti bakwai na neman wurin sauka.

Sau da yawa ba injin ne ya lalace ba, mai ne ya yanke masa. Wani matuƙin ya yi kuskuren lissafi mai ya ƙare, wani kuma ya manta bai juya famfo zuwa tankin da ke cike ba, abin da ba shi da uzuri ko kaɗan. Akwai kuma ruwa. Raɓa takan taru cikin tankin da aka bari rabi ya kwana, ruwa kuwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa inda bututu ke zuƙa. Shi ya sa ake tsiyayar mai kaɗan cikin kwalba a duba kafin a tashi. Man waɗannan jirage an rina shi shuɗi-shuɗi, domin kada a rikita shi da kananzir na manyan jirage.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne ƙanƙara. Mai karatu zai ce ina ƙanƙara a ƙasar zafi? Amma iskar da ke wucewa ta cikin kafireto takan yi sanyi ƙwarai sa'ad da take haɗuwa da mai, har zafinta ya ragu da digiri 20 ko fiye. In iskar tana ɗauke da laima, kamar da damina, sai ƙanƙara ta toshe maƙogwaron injin, ko da ana gumi a ƙasa. Akwai abin da matuƙi ke ja ya shigo da iska mai zafi ta narke ta.

A Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da sauran makarantu irinta, malami yakan rage wa ɗalibi wutar inji ba zato, ya ce ya nuna inda zai sauka. Abin farko shi ne a sunkuyar da hancin jirgi a riƙe gudun da ya dace, kusan kilomita 120 a awa ga irin wancan jirgi. Sa'an nan a zaɓi fili, a gwada tayar da inji, a yi kiran "Mayday" sau uku ta rediyo. Ana sauka ne ana fuskantar iska, hayaƙi ko ƙura sukan nuna inda ta nufa. Gonar da aka girbe ta fi fadama, gama laka takan kama ƙafafun jirgi ta kife shi. In gonar tana da kunyoyi, a bi tsawonsu, kada a gitta su. Titi yana da ruɗi, akwai wayoyin lantarki da ba a gani sai an iso. In kuwa inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, juyawa baya zuwa filin jirgi ya hallaka matuƙa da dama, gara a sauka a abin da ke gaba.

In jirgi ya sauka a gonar wani ƙauye, a taimaki mutanen ciki su fito, a nisanta su daga jirgin. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi sai in ana tsoron gobara. Kada a sha taba ko a kawo fitila kusa. Kada kowa ya taɓa farfela, gama juya ta kaɗan yana iya tayar da injin. A hana yara tsintar ƙarafa, domin ma'aikatan Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa suna bukatar ganin kome a inda ya faɗi. A aika wa dagaci da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko a buga lamba 112.