Daga Bora da Mowa Zuwa Fim: Kamannin Mace a Labarin Hausa

An idar da sallar isha, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara suka amsa "ta zo mu ji ta". Kafin a kai ga "ƙurunƙus", yarinya 'yar shekara shida ta riga ta san abu uku: kishiyar uwa muguwa ce, 'yar bora mai haƙuri ita ke auren ɗan sarki, 'yar mowa mai tsiwa kuwa da kunya take ƙarewa. Maigidan fa? Yana can zaure ko ya yi tafiya fatauci. Ana azabtar da 'yarsa a cikin gidansa, amma tatsuniya ba ta cika tambayarsa ba'asi ba.

Karin magana ma haka take. Kishiya kaɗai tana da nata kundin, irin su "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu". Ana cewa mata dangin shaiɗan, ana cewa ƙarfin mata sai yawan magana. In kuma mace ta yi abin a zo a gani, kirarin da ake mata shi ne "mai kamar maza" ko "kallabi tsakanin rawuna", wato sai an aro ma'aunin namiji kafin a yaba mata.

Da boko ya zo, sai hoton ya koma kan takarda. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutan duka maza ne, jaruman labaran ma maza. A Jiki Magayi, Zainab ta bar saurayinta Abubakar ta auri attajiri Malam Shaihu, daga nan masifa ta ɓalle. A Shaihu Umar kuwa uwa ce ta ratsa hamada tana neman ɗanta har wahala ta cinye ta. Ga tubali biyu da aka daɗe ana gini da su: budurwa mai kwaɗayi da uwa mai haƙuri. Tsakaninsu babu wurin mace mai ilimi ko mai sana'a, ballantana mai jagoranci.

Abin mamaki shi ne ƙasar ba ta rasa irin waɗannan matan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa wa jagororin mata da ake kira jaji malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Sarauniya Mangu ta Lugu, a Nijar ta yau, ta tari sojojin Faransa a 1899. Gambo Sawaba ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU saboda siyasa. Tarihi ya san da su, labarin hira ne ya fi son kishiya.

Sai a 1980 muryar mace ta fito a ƙagaggen labarin Hausa, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Bafulatana Boɗaɗo da ta dage a kan wanda take so duk da adawar dangi. Bayan 'yan shekaru ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Talatu Wada Ahmed, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da wasu da dama suka cika kasuwa da ƙananan littattafai, har masu suka suka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano. 'Yan mata na karɓar haya a wurin masu shago, a karanta a ɓoye cikin littafin makaranta, a mayar gobe.

A cikinsu Balaraba Ramat Yakubu ce ta fi taɓo inda ke ciwo. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, kuma ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce. A littafinta Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta an ba ta tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa yana ƙin ba matarsa Rabi isasshen cefane alhali tana da 'ya'ya tara, yana kai kuɗin wurin karuwarsa Delu. Ya auro ta, ya kori Rabi. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. A nan ne marubuciyar ta yi abin da tatsuniya ba ta yi ba: ta jawo maigida daga zaure ta tsayar da shi a tsakar gida, ta ce ga mai laifin. An fassara littafin zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012.

Amma a dubi Delu da kyau. Ba ta da wani hali sai kwaɗayi da makirci, kuma da gobara ta cinye shagon Alhaji sai zaman ya watse. Kishiyar tatsuniya ce aka canza wa zane. Ke nan ko alƙalamin da ya fi kowa kare mata bai kuɓuta daga tsohon tubali ba. Kuma dai tatsuniyar ma mata ne ke yin ta, don haka ɗora wa maza laifin duka ba adalci ba ne.

Fim ya gaji kayan nan kaf. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa shirye-shirye masu dogon zango na YouTube, mai kallo ya san su tun kafin su buɗe baki: uwar miji mai raba aure, ƙawa mai zuga, matar da ta tsuguna gaban boka da sunan kishiya a bakinta, 'yar jami'a mai girman kai da sai ta yi nadama a kashin ƙarshe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rikicin gida ba ya cin kuɗi wurin ɗauka, falo ɗaya da ɗaki biyu sun isa, kuma furodusa ya san yana sayuwa. A wajen kyamara ma ma'aunin bai daidaita ba. Jaruma in ta yi aure yawanci sai ta ajiye sana'ar, abokin aikinta namiji kuwa ya yi mata uku yana ci gaba da fitowa a saurayi. Da aka yi cece-kuce kan bidiyon waƙar ClassiQ a 2016, a kan jaruma Rahama Sadau da ta fito a ciki guguwar ta sauka, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar.

Namiji ma an yi masa nasa keji. An ce shi barkono ne, sai an tauna a san yajinsa. Yaro ya faɗi ya yi kuka, a ce "sai ka ce mace". Magidanci ya ɗauki tsintsiya ko ya shawarci matarsa, majalisa ta sa masa suna mijin-ta-ce. A fim irin wannan mijin abin dariya ne, ko kuma a nuna an shanye shi ne, har sai an karya asirin ya dawo yana daka tsawa.

Akwai motsi. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, labaran da ke fitowa kuma sun taɓo gudun hijira da fyaɗe da talauci, ba kishi kaɗai ba. Sai dai abin da ke shiga gida kullum shi ne fim a waya da talabijin, yara na gefe suna kallo kamar yadda suke zama gaban kaka.

Mai karatu, in an kunna shirin yau da dare, a ƙirga matan da ke ciki, a ga nawa ne ke da sana'ar da aka nuna suna yi, nawa ne kuma suka yi hirar minti biyu ba a kan miji ko kishiya ba.